Labarin Kakan Ɗan China da Na Kai Ofis

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga zamana na Dubai, da wata hira zan goge, wadda na yi da safe a ofis. Ban yi sata ba, ban kuma shirya ƙarya ba. Wani bawan Allah ne ya ba ni labari saboda ya saki jiki da ni, na ɗauka na kai wa wanda bai kamata ya ji ba, kuma da aka murɗe labarin a gabana sai na yi dariya. Sanadin haka mutumin ya rasa aikinsa, ya bar ƙasar.

A lokacin ina kula da sito a wani kamfanin kago a unguwar Deira, na wani Alhaji mutumin Kano. 'Yan kasuwa su sayo kaya, mu auna, mu ɗaure, mu loda a kwantena. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma na san kaya. A cikinmu akwai wani ɗan China, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, siriri, mai tabarau. Shi ke magana da masana'antun ƙasarsu, shi ke buɗe kwali ya ce wannan na kirki ne, wannan jabu ne. Muna ce masa Malam, shi kuma ya ce mini Haji. Da guntun Turanci da guntun Larabci da 'yar Hausar da ya tsinta muke fahimtar juna, inda magana ta ƙare hannu ya ƙarasa. Burinsa ya ƙara 'yan shekaru a aikin har 'yarsa ta gama karatu a gida.

Idan rana ta take, mukan zauna bayan sito kusa da fanka. Ni da shinkafa da wakena, shi da taliyarsa yana ɗauka da tsinke biyu.

"Haji, kana cin abinci kamar mai kwaɓa siminti," in ji shi.

"Kai kuma Malam, saƙa kake yi ko ci?"

A irin wannan zaman ya riƙa ba ni labarin wani kakan kakanninsa, yau kaɗan gobe kaɗan. Ya ce ɗan manoma ne, ya daɗe yana haddar littattafan magabata, har ya shiga jarrabawar da sarkin China ke ɗaukar ma'aikata da ita, inda ake kulle kowa a ɗan akurkin ɗaki da tawadarsa da guzurinsa. Da ya ci, aka ba shi riga mai hoton tsuntsu a ƙirji, wai da irin tsuntsun ake gane girman muƙamin mutum. Aka ɗora shi a kan gyaran ganuwar wani babban kogi da ke cinye gonaki idan ya cika. Malam ya ce aikin da yake so ke nan, laka da duwatsu da talakawa.

Sai dai fada a rabe take. Sarki ba ya fitowa, saƙo ba ya isa gare shi sai ta hannun babanni, wato bayin cikin gida da aka dandaƙe. Ga kuma manyan malamai masu riƙe da ma'aikatu, suna ganin babannin ne suka ɓata ƙasa. Kowane ɓangare yana lura da wanda yake nasa da wanda ba nasa ba. Shi kakan, in yana son kayan aikin ganuwa dole ya bi ta wurin babanni, sai malamai su ce ya sayar da kansa. A al'adarsu kuma, wanda ya duba takardar jarrabawarka ya zama malaminka har abada. Da babanni suka ga bayan wannan malamin nasa aka kore shi daga birni, kowa ya ɓuya, shi kaɗai ya fito ya yi masa sallama a ƙofar gari. Aka kai rahoto. Aka kwantar da shi a filin fada aka dake shi da gora gaban abokan aikinsa, aka tuɓe masa rigar, aka tura shi wani lungu a kudu mai sauro da zazzaɓi. Malaman ba su ce uffan ba, da ma ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba. A can ya rasu. Ko an ƙarasa ganuwar ko ba a ƙarasa ba, Malam ya ce bai sani ba.

Ana cikin haka Alhaji ya kwanta ciwo, ya daina zuwa ofis. Kamfani ya rabu biyu. Babban ɗansa da samarin da ya kawo, su kaɗai ke shiga wurinsa a gida. Ƙaninsa kuwa, wanda suka kafa kamfanin tare, yana tare da tsofaffin ma'aikata. Malam bai bi kowa ba. Ya mayar da kayan wani abokin ɗan Alhaji saboda jabu ne, bayan ɗan lokaci ya mayar da na ƙanin Alhaji saboda dalili iri ɗaya. Ni kuwa bizata ta kusa ƙarewa, ga shekaru, ga iyali a gida, kuma ɗan Alhaji ke sa hannu a sabunta.

Kowace safiya nakan shiga ofis in gaishe shi, in zauna a gefen kafet. Gaisuwa irin tamu ba a zuwa hannu rabbana, wanda ba shi da goro ya kai labari. Rannan yana shan shayi, samarinsa na kewaye da shi.

Ya ce, "Kawu, kullum kana bayan sito kai da ɗan China. Me kuke ƙullawa ne? Ko aure zai ba ka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ji daɗin an sako ni a hira. Na ce, "Yallaɓai, labarin kakansa yake ba ni, wani ma'aikacin sarkin ƙasarsu."

"To yalla, ba mu mu ma."

Na gyara zama na bayar, har da ƙarin gishiri, don na ga suna saurare. Da na iso kan sarkin da ba ya fitowa, wanda ba a isa gare shi sai ta hannun na cikin gida, sai samarin suka dubi juna. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Yallaɓai, ka ji fa. Sarki a kulle, na cikin gida suna juya shi."

Ɗan Alhaji ya ajiye kofi. Ya dube ni ya ce, "Kawu, mu ne babannin ke nan?"

Mu Hausawa ba ma jin labarin sarki da fadawa mu bar shi a matsayin labari, sai mun nemo wanda aka yi wa habaici. Malam bai san wannan halin namu ba. Ni na sani, na kuma san tun Alhaji na da lafiya ya fara ba ni labarin. Da na faɗi wannan kaɗai, da magana ta mutu a nan. Amma na lissafa a raina cewa in na kare shi za a haɗa ni da shi, daga nan a haɗa ni da ƙanin Alhaji. Sai na yi 'yar dariya na ce, "Yallaɓai, ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa. Mai magana shi ya san inda ya dosa."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Je ka aikinka, Kawu."

Ba a daɗe ba aka gaya wa Malam ba za a sabunta kwangilarsa ba, wai aiki na bukatar matashi. Ƙanin Alhaji bai sa baki ba, bai manta da kayansa da aka mayar ba. Ni kuma na daina zama bayan sito. Nakan tafi bakin ruwa in sayi abinci, in zauna ina kallon abra, ƙananan jiragen ruwan nan da ke tsallakar da mutane, har lokacin komawa ya yi. Wata rana ya tare ni a wajen sikeli.

"Haji, fanka ce ta yi maka laifi?"

Na ce, "Aiki ne ya yi yawa, Malam."

Ya dubi siton, babu kowa sai mu. Ya ce, "Na'am. Ya yi yawa."

Ranar tafiyarsa direbanmu ne ya kai shi filin jirgi, wani Kirista mutumin Jos, mai faram-faram da kowa. Ya leƙo sito ya ce, "Baba, ba za ka zo ba? Akwai wuri a gaba." Na ce ina jiran kwantena. Da ya dawo na kasa haƙuri, na tambaye shi ko Malam ya san dalili. Ya ce tun tuni wani daga cikin samarin ya gaya masa, wai an ji zagin da ya yi a labari.

"Me ya ce?"

"Ya tambaya, wane labari? Aka gaya masa. A mota dai ya ce in gaishe ka, wai ka rage gishiri saboda hawan jininka."

An sabunta mini biza. Bayan rasuwar Alhaji kamfanin ya dare gida biyu, na bi ɗan Alhaji, na ƙara shekaru ina aiki, har ƙarfi ya ƙare. Yanzu ina zaune wurin ɗana a unguwar Karama, nan Dubai, ba na komai sai masallaci da asibiti. Na sha kiran lambar Malam ta ƙasarsu, wata mace ke amsawa daga na'ura da yarensu, ban san me take cewa ba. Ban san ko 'yarsa ta gama karatun ba. Ban ma san ko yana raye ba, balle in nemi gafararsa, kuma malamanmu sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, musamman 'yan'uwa masu aiki a ƙarƙashin wani a ƙasar mutane. Abin da aka gaya maka a kan kwanon abinci, ka bar shi a can, ko da ba a ce sirri ba ne. In kuma ka riga ka kai, ka ga ana murɗe shi a gabanka, ka buɗe baki tun kana zaune a ɗakin. Kada ka yi irin tawa. Allah ya yafe mana.