Pil ɗin Gwaggo Hajo

Ɗazu ɗana yake nuna mini a waya yadda ake narka tutiya a mai da ita gari, a zuba cikin pil, wato batir. Wai ita ke cinyewa a hankali rediyo ya samu murya.

Sai na tuna Gwaggo Hajo, yayar babana, a Tabotaki, shekarar fari. Ɗanta Idi ya tafi biɗar kuɗi Abijan, shiru babu labari.

Kullum takan shanya matattun pil a rana, ta ƙwanƙwasa su da dutse har tutiyar ta lotsa, don su kai ta shirin gaishe-gaishe a rediyonta.

Wata la'asar muka ji, "Idi na Tabotaki yana gaida..." Sai rediyon ya ɗauke.

Na ce, "Kash, Gwaggo, ba mu ji saƙon ba."

Ta share hawaye da bakin zane, ta ce, "Ya isa, ɗiyata. Matacce ba shi gaisuwa."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, ita ma haka jira ya cinye ta. Ku fa, muryar wa kuka taɓa shanya wa pil?