Sule Haraji Ya Sake Shan Gabana

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Malam Sulaiman a Gwaram, wanda gari ya fi sani da Sule Haraji, kuma har yau bai daina shan gabana ba. Allah ya jiƙansa. Da zuciya ɗaya nake masa wannan addu'a, amma mai karatu ya yi mini uzuri, kishinsa nake yi. Bana kuma kishin ya dawo ɗanye, saboda sunan jikana.

Ajinmu ɗaya a Birnin Kudu, tare muka koyi aikin akanta a Kano, tare aka maido mu gida da aka yanki Jigawa aka ce kowa ya koma jiharsa. Na fi shi maki, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Da aka zo rarraba ma'aikata sai na zaɓi baitulmali, inda ake biyan albashi, inda ɗan kwangila ke cire takalmi tun daga ƙofa. Shi kuwa ya ce sashen haraji yake so. Muka yi dariya har da riƙe ciki. A saninmu haraji shi ne kuɗin kai da dagaci ke bi gida-gida, sai jangalin shanu, kuma tun muna tsohuwar Kano aka soke su aka sha biki. Wa zai ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abin da aka riga aka yi wa jana'iza? Mahaifinsa ma sai da ya aiko a tambaye ni a asirce, ko wani laifi Sule ya yi aka jefa shi can.

Haka muka yi shekaru, ni ina ƙarƙashin fanka, shi yana kan tsohon babur daga wannan kasuwa zuwa waccan, littafin doka ɗaure a bayansa. In ya shiga rumfar mai shayi sai hira ta mutu. Bai taɓa damuwa ba. Yakan ce ni rabawa nake yi, shi kuwa nemowa, kuma ranar da abin rabo ya yi ƙaranci za a tuna da mai nemowa. Na ɗauka maganar ban-haƙuri ce yake yi wa kansa.

Da zai leƙo yau, na san murmushin da zai yi mini. Aikin da muke yi mu cika ofis, yanzu kwamfuta ce ke yinsa da yaro ɗaya yana hamma. Nasa kuwa ya yi rassa. Ɗan kwangila ba ya ko shiga layi sai da takardar shaidar biyan haraji. Mai kemis, mai makarantar kuɗi, dillalin riɗi da ke tura mota kudu, kowa na neman wanda zai duba masa abin da doka ta ɗora masa, kada a zalunce shi, kada kuma ya faɗa tarko. Matashin da ya iya wannan ba ya zaman jiran gwamnati ta ɗauke shi. Amma na san Sule ba zai bar matasan haka ba, sai ya ja musu kunne cewa na'ura lissafi ta iya, ba ta san tsoron Allah ba. Ni kuwa ina gindin darbejiya ina jiran fansho. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zuba nawa takin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana Kabiru. Tun yana ɗalibi, in ya zo hutu, zauren Sule yake tarewa, ba nawa ba. Da ya gama karatu na bi tsofaffin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce babu gurbi. Abin da ya kwasa a wancan zauren shi ya buɗe masa ofis kusa da tasha a Birnin Kudu, har yana ɗaukar wasu aiki.

Watan jiya matarsa ta haifi namiji. A gidanmu jika na fari sunan kakansa yake ci, yayyena duk sun sami takwara, ni ma har na kai ɗinki. Ana gobe suna, bayan la'asar, Kabiru ya zo ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Baba, in ka amince, sunan Malam nake so a sa masa. In ba ka amince ba, magana ta wuce."

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya zan faɗa yaron ya zama Haruna, takwarana. Sai na tuna Sule bai bar ɗa namiji ba, kuma hatsin da ake ci a gidan Kabiru daga gonarsa ya fito.

Na ce, "Allah ya raya shi."

Da safe ni da bakina na raɗa wa liman sunan.

Ban san me ya rage na yawancinmu da muka cika ofisoshin sabuwar jiha ba, kujerunmu ma an sauya su. Na Sule ga shi nan a cikin zanen goyo. Iyayen yaron suna jin nauyin sunan, Malam suke ce masa, duk gidan ma haka. Ni kaɗai nake da hurumin kiransa gatsau, don mai sunan sa'ana ne. Kullum aka miƙo mini shi sai in ce, "Sule Haraji, ka dai ci ni." Shi kuwa ya kama gemuna ya ƙi saki.