Hannun Baba Girgiza

Masu gyaran mota iri-iri ne, kowa da inda ya fi ƙarfi. Shi wannan dattijo ƙafar mota ya sani, wato sitiyari da duk ƙarafan da ke riƙe da taya daga ƙasa. Inji bai dame shi ba. Yakan ce idan inji ya mutu gefen hanya za a tsaya, amma idan ƙafa ta saki, motar ce za ta zaɓi inda za ta kwanta.

Tun yana saurayi ya shiga garejin da ke ƙarshen layin masu walda, kuma bai bar wurin ba. Rumfa ce ta kwano mai rami a tsakiya, ƙasarta ta yi baƙi da giris, sifanoni na rataye a jikin wani katako. Aikinsa hanya ɗaya gare shi. Zai ɗaga mota da jak, ya kama taya da hannu biyu, dama da hagu, ya girgiza, sannan ya kama sama da ƙasa ya sake girgizawa. Ba ya kallon komai a lokacin, idonsa ma a rufe yake. Ɗan motsin da ƙarfe ke yi idan ya fara cinyewa a tafin hannunsa yake jin shi, ya faɗi wane ɓangaren ƙafar ne ya mutu, tayarod ne, ko boljoyin, ko bushin. Daga nan sunan Girgiza ya bi shi, har na yanka ya ɓace. Mai Faci, wanda rumfarsa ke manne da tasa tun suna da baƙin gashi, yakan ce kada kowa ya ba Baba hannu a gaisa, don sai ya gano mutum yana da sakakkiyar gwiwar hannu.

Da wannan hannu ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida, ya aurar da 'ya'yansa mata. Namijin ɗaya ne, kuma ya zaɓi aikin ofis a wani gari. Baba bai hana shi ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Matarsa ce ta fara lura. Wata safiya ta miƙa masa shayi, ya riƙe kofin ƙarfen da zafinsa yana ta hira, sai da ya ajiye ta ga yatsunsa sun yi ja har sun tasa. Ta tambaye shi ko bai ji ba, ya ce hannun bakanike ai ba fata ba ne, tafin takalmi ne. Ta ɗauko man shafawa. A asibiti aka ce ciwon sukari ne ya fara taɓa jijiya. Ya karɓi magani yana sha, amma a gareji bai gaya wa kowa ba.

Akwai wani direba da ke kai yara makaranta a ƙaramar bas, mutum mai yawan fara'a, wanda mahaifinsa ma a wurin Baba yake gyara. Wata rana da hantsi, bayan ya sauke yara, ya shigo ya ce motar tana ɗan jan shi gefe, kuma idan ya hau gargada yana jin ƙwas-ƙwas a gaba. Baba ya ɗaga ta, ya kama tayar dama, ya rufe ido, ya girgiza. Bai ji komai ba. Ya koma ta hagu, nan ma shiru. Ya ce ƙafa lafiya take, wataƙila iska ce ta ragu, ya matsa wurin Mai Faci a ƙara masa. Direban ya yi godiya, ya ce tunda Baba ya faɗa, ai magana ta ƙare.

Mai Faci ya durƙusa zai sa iska, sai ya daɗe a durƙushe. Ya shafa cikin tayar dama, inda ba a gani daga waje, ya tarar ta cinye har waya ta fara leƙowa, bayanta kuwa kamar sabuwa. Ya aiki direban ya sayo masa ruwan sanyi a bakin titi, sannan ya taka zuwa rumfar maƙwabcinsa.

"Tsoho," ya ce, "tayar nan wani abu na cin ta a ɓoye. Ni dai faci na sani."

Baba ya dube shi, ya dubi hannuwansa. Nan da 'yan awanni za a tashi makaranta, kuma ya san hanyar da bas ɗin ke bi, akwai gangare da kwana kafin gada. Ya san kuma cewa idan ya kira motar ta dawo bayan ya sallame ta, duk layin zai ji kafin la'asar.

Ya ce a turo ta kan rami.

Ya sauka da tocila, abin da rabonsa da yi don neman ciwo har ya manta. Ya ce wa Mai Faci ya kama tayar ya girgiza. Yana kallo boljoyin ya yi tsalle a cikin gidansa, robarsa a yage, giris ya bushe, saura ƙiris ya fice. Motsin da ko sabon shiga zai ji shi ne ya wuce ta hannunsa bai sani ba.

Da direban ya dawo da ruwa, Baba ya fito daga ramin ya gaya masa da bakinsa. Ya ce motar ba za ta ɗauki yara yau ba, ya nemi wata ta kwaso su. Direban ya yi dariya, ya ce ai yanzun nan Baba ya ce lafiya take.

"Na ce. Hannun ne ya daina gaya mini gaskiya, ɗana. Kada ka sake yarda da shi."

Direban ya rasa inda zai sa idonsa, ya koma gefe yana buga waya.

Sun kai yamma suna aikin. Noti ya ƙi kwancewa sai da aka gasa shi da wuta, Mai Faci na riƙe, Baba na bugu. Aka sa sabon boljoyin, aka canza tayarod ɗin gefen tunda shi ma ya fara, aka daidaita ƙafar, aka sauya taya. Da suka wanke hannu a bokiti ɗaya, Mai Faci ya tambaye shi tun yaushe hannun ya daina ji. Ya ce an kwana biyu. Mai Faci ya ce abokin kuka ai shi ake gaya wa mutuwa.

Maganar ta zaga layin kamar yadda Baba ya zata. Wasu masu motoci suka koma wani gareji inda ake da na'urar duba ƙafar mota, kuma bai ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage, duk wanda ya zo sai ya fara gaya masa halin da hannunsa ke ciki kafin ya taɓa motar. Yanzu a cikin rami yake wuni da tocila, Mai Faci na girgiza masa taya daga sama yana mitar an mai da shi yaron gareji da furfurarsa. Aikin ya ragu, ya kuma ƙara ɗaukar lokaci.

Matarsa ta tambaye shi wata rana har yaushe zai riƙa sauka ramin nan da gwiwoyinsa. Ya ce ido na gani tukuna. Ranar da shi ma ya fara ɓoye masa abu, in ji shi, ba zai jira wani ya faɗa masa ba.