Bututun da Aka Karkato Mana

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idrisu, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a sashen rini na wata masaƙa kusa da Hasahisa. Ina ƙarama, gani nake tur'a, magudanar noman rani da muke ɗibar ruwan sha a cikinta, ado take yi: yau shuɗi, gobe ja. Shi kuwa ya san inda launin ke fitowa.

Ya sha ba ni tarihin. Tun zamanin kakanninmu mutanen gari suka koka, aka kafa doka cewa kada dattin masaƙa ya taɓa ruwan gari ko na ƙauye mai rajista. Masu masaƙa ba su yi gardama ba. Sai suka ƙara wa bututun tsawo, ya wuce gari, ya zube a kanmu. Kambonmu, zangon 'yan ƙwadago, ba ya cikin taswira, saboda haka ba a karya doka ba. Baba ya yi ta zarya ofishin mufattish, jami'in binciken hukuma, amsar kullum ɗaya: "Ma'alesh ya Hajj, sai haƙuri, a takarda wurin nan fili ne." Ya ce, "To, filin nan 'ya'yansa shida." Ciwon ƙoda ya ɗauke shi ba a gyara takardar ba.

Yanzu masaƙar ta mutu, yaƙi ya kwashe har ƙofofinta, amma gubar tana nan cikin ƙasa. Ƙanwar Baba, Gwaggo Hajara, ta yi gudun hijira zuwa wurinmu da jikoki huɗu, ta shuka kuɓewa a busasshen tafkin da rinin ke kwanciya, don nan kaɗai ne babu mai shi. Na je na roƙe ta ta bar shuka a wurin. Ta ce, "Ke 'yar boko, bakin ubanki sak! Cutar baɗi kike nuna mini, yunwar yau fa?" Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da Baba yana raye, ba na jin zai yi mata faɗa. Tambaya zai yi wa za a kai wa ƙara, tunda ofishin ma babu shi. Da, dokar da ba ta ganinmu muke da ita. Yau ko ita mun rasa.

Bai bar gona ba, bai kuma yi nasara ba. Abin da na gada kawai shi ne kasa kau da kai. Na tuge furannina na bayan ɗaki, na ba Gwaggo wurin. Ta shuka, ta sa mini albarka, amma ba ta bar tafkin ba, don wurina bai kai tabarma uku ba. Allah ya jiƙanka, Baba. Kuɓewar tafkin ta fara 'ya'ya, ranar Juma'a za a soma tsinka.