Muryar da Aka Shanya a Gonar Gero

Kullum da hantsi Abdulgani mai gyaran rediyo yake buɗe rumfarsa a Tanut. Ya share tebur, ya juya farantin sola ya fuskanci rana, sannan ya ture rediyoyin mutane gefe guda. Sai bayan azahar yake taɓa su. Safiya ta Dodo ce, kuma sauri yake yi da ita, domin kunnen Abdulgani yana mutuwa.

Dodo ya rasu shekara ashirin da biyu ke nan. Duk wanda ya haura arba'in a Damargu ya san muryarsa. A zamanin gidan bidiyo, finafinan jiragen sama jannati suna zuwa mana da Faransancin da aka ɗora wa ƴan wasan a baki, kuma ba kowa ke jin sa ba. Dodo tsohon karen mota ne a hanyar Agadas, Faransancinsa na tasha ne. Sai ya zauna kusa da talabijin da makirfo yana ba da labarin yadda ya ga dama. Jirgin da ke ratsa taurari ayari ne a bakinsa, shugaban jirgin madugu, kowace duniya zango. In mutum-mutumin ƙarfe ya fito, sai ya ce ga bawan Allahn da bai taɓa shan fura ba. Mai gidan bidiyon yana ɗaukar muryar a kaset, don in an kai fim kasuwar Tarka ko Gangara a kashe sautinsa a saka Dodo.

Da waya ta zo, gidan bidiyo ya rufe. Buhun kaset ɗin ya koma hannun Garba, ƙanen Dodo, manomi a Gangara.

Shekara shida da suka wuce Abdulgani ya hau babur ya tafi nemansu. Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai, tsuntsu ya sauka. Tun daga nesa ya ga gonar Garba tana walƙiya. Garba ya fasa kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya zare zaren, ya ɗaura daga kara zuwa kara don korar tsuntsu, kamar yadda kowa ke yi da tsohon kaset. Abdulgani ya tsaya a bakin gona, ya tambaye shi ko ya san abin da ya shanya.

Garba ya ce, "Mai rediyo, tsuntsu na cin hatsina, kai kana zancen mamaci. Yaya da ransa ma surutu ne kawai aikinsa. Yanzu dai ya yi amfani."

Abdulgani bai yi gardama ba. Ya koma gari ya kwaso tsofaffin buhuna da gwangwanaye, ya yayyanka, ya kwana uku yana ɗaura wa Garba su a madadin zaren. Duk inda ya kwance zare sai ya naɗe shi a jikin biro. Garba ba mugu ba ne. Da ba shi ba, da wani daga cikinmu ne, kuma da babu wanda zai tambaya.

Abin da ya kawo gida tsumma ne. Rana ta gasa wasu, iska ta miƙe wasu, babu gutsuren da ya san ɗan'uwansa. Ya riƙa haɗa su da jan farce, yana mayarwa cikin kwanson kaset, yana juye muryar a wata tsohuwar kwamfuta. Hoton finafinan mai tsabta ba ya wuyar samu yanzu, masu sha'awa a wasu ƙasashe sun gyara shi. Wahalar ita ce ɗora murya a kan hoto. Zaren da ya miƙe ba ya tafiya daidai da fim, Dodo yakan yi ihu kafin jirgi ya fashe. Hanya ɗaya ce: a ƙarƙashin muryar Dodo akwai ɗan sautin fim ɗin da makirfo ya tsinta, rufe ƙofa, takun ƙafa, harbi. Shi Abdulgani ke kasa kunne ya kamo, ya daidaita da na fim ɗin, jimla bayan jimla. Minti biyar yakan ci masa mako.

Fim goma sha tara ya gama. Goma sha ɗaya suna cikin kwali.

Akwai waɗanda suka shaida ranar da Raishatu, ƴar Dodo, ta zo daga Belbeji inda take aure. Shekararta uku uban ya rasu. Abdulgani ya ba ta kujera, ya saka mata abin sauraro a kunne. Ta zauna har fim ya ƙare ba ta motsa ba. Da ta cire, ta ce, "Ashe haka Baba yake dariya. Ana ce mini shi mai shiririta ne, ba wanda ya ce mini yana da dariya."

Sauran mu me muka yi? Finafinan suna yawo a wayoyi daga nan har Damagaram, masu tura waƙa suna juye su, kuma wani a intanet ya manna sunan kansa a kusurwar hoton. Abdulgani ya nemi wani ofis ya ba shi ɗaki mai inuwa don zafi kada ya ƙarasa cin zaren. Aka ce ya rubuto takarda. Ya rubuta, aka buga mata hatimi, shekara huɗu ke nan. Mu kuma da muka yi boko a nesa muka dawo, mun fi kowa laifi. Mun ce Dodo ba ya fassara daidai. Gaskiya ne, ba ya yi. Amma iyayenmu sun ga taurari da Hausar Damargu, mu da muka iya Faransancin ba mu taɓa fassara musu ko jimla ɗaya ba.

Kai ne, Abdulgani, ka bi gona kara-kara kana tsinto muryar mutumin da ba danginka ba. Kai ne ka ba da kunnenka ga aikin da ba wanda ya sa ka. Likita a Damagaram ya ce ka daina saka abin sauraro, ka ce to, ka dawo ka saka. Kunnen dama ya tafi bara. Na hagu yana bin sa.

Watan jiya ya gama wani yanki, ya kunna wa mai shayin kusa da shi. Mai shayin ya kalla, sannan ya gaya masa an rufe ƙofa a hoto tun da daɗewa kafin Dodo ya ce an rufe. Abdulgani ya sake saurara sau uku. Bai ji ƙofar ba. Ya kashe kwamfutar, ya ce ba zai ɓata wa mamaci magana ba.

"Hannuna lafiya, idona lafiya," in ji shi. "Kunne nake nema aro."

Mun gode, Abdulgani. Allah ya saka maka, tunda mu mun kasa. Ku kuma masu karanta wannan, ba taro yake so ba, ba takardar yabo ba. Mutum ɗaya mai haƙuri yake so, wanda zai zauna kusa da shi ya ce ga ƙofar nan, ga takun nan, har goma sha ɗayan su fito daga kwali. Rumfarsa tana layin maƙera, ta uku daga famfo. In kun je, ku tsaya ta hagunsa, ku ɗaga murya wajen sallama.