Ranar da na ƙirga wa Kaka ɗiyan Kaza

Jama'a, wallahi abin da zan gaya muku ni ya sama, ba ji na yi ba, kuma yanzu haka sai na kawo takarda dab da hancina nake iya rubuta shi.

Shekara uku ke nan, bayan na gama koleji a Filingue na koma ƙauyenmu wajen Tabla. Kakata, uwar babana, ita ta rene ni, kuma ita ce mai duban Kaza a garinmu, wato curin taurarin nan da ake ce wa Kaza da ɗiyanta. In zafi ya yi zafi Kaza takan faɗi yamma ta ɓace, sai bayan kwana arba'in da wani abu ta fito gabas da asuba, da wannan lissafin tsofaffinmu ke sanin shukar da za ta kama. Kaka kan ɗaura ƙulli a zare kowace rana. To, shekarar nan hazon da ya daɗe a idonta ya yi tsanani, ko ƙwaryar fura sai ta lalubo, sai ta ce ni 'yar lakkwal, mai karatun boko, in zama idonta. Ni kuwa har daɗi na ji, na samu kaye, wato littafin rubutu, ina rubuta kwanakin.

Kwana goma sha bakwai da ɓatan Kaza, bayan magariba, Kaka ta ce in ja ta bayan rumbu. Ta juya ni gabas, ta ce in duba saman dutse. Na yi dariya, na ce ai da sauran fiye da sati uku, kuma ba ta fitowa gabas da magariba. Ta ce in dai duba.

Kaza tana nan. Na rantse da Allah tana nan, ƙasa-ƙasa, da haske fiye da yadda na taɓa ganinta, kuma ina jin kukan 'yan tsaki siriri, alhali kajinmu duk sun shiga akurki. Kaka ta dafa ƙeyata, hannunta sanyi ƙalau.

"Ƙirga mini su, ɗiyata. Da ƙarfi."

Tun muna yara ita da kanta ta hana mu ƙirga su a fili, amma ita ce ta ce, sai na ƙirga. Ina faɗa tana maimaitawa, har bakwai. Kukan ya tsaya, na ƙifta ido, babu komai saman dutsen.

Da safe na tarar da ita bakin ɗaki tana zura zare a allura. Ita kaɗai.

Da Kaza ta fito a lokacinta, kowa na ganin shida, ni biyar na gani. Bara huɗu. Bana uku, su ma kamar cikin hayaƙi. Babana ya kai ni asibiti Yamai, suka ce ba su ga ciwo ba, suka ba ni tabarau da bai yi mini komai ba. Da na gaya masa gaskiya, cewa ya yi in ji tsoron Allah in daina yi wa uwarsa ƙazafi.

Watan jiya na tare Kaka, ina kuka, na ce me na yi mata. Ba ta musa ba. Tana tsince tsakuwa a gero, ko kallona ba ta yi ba, ta ce ita ma haka gwaggonta ta yi mata, ta yi shekara tara cikin hazo kafin ta gane hanya, garin kuma ba ya zama babu mai duba.

"Ga ƙanwarki Rabi can, idonta garau. Kira ta bayan rumbu, mi ya yi wuya?"

Rabi shekararta goma sha biyu. Na roƙi innarmu ta tura ta Abala wajen kawunmu, an tura ta. Abin da ke hana ni barci shi ne, ranar da motar ta tashi, na ji wani abu a raina yana cewa da na bari ta ƙara kwana ɗaya.

Don Allah, in wani ya ce ku ƙirga masa abin da ke sama, ko shi ya goya ku, ku ce ba ku gani.