Bara'u Bahago da Ƙungiyar Mujiya

Shekara goma sha shida na yi ina tsugunawa ina cafe ƙwallon da Bara'u Abdulsalami yake jefowa, shi ya sa har yau babban yatsana na hagu ba ya miƙewa sosai. Idan mutanenmu na Manchester suka ji cewa mu biyu wasan besbol muke yi, sai su yi dariya su ce wannan ai wasan Amurkawa ne, me ya kai Bakano ciki? Amsar dai ita ce Bara'u ne ya kai mu.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya yana tsayawa a kan wani ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse. Wani na ɗaya ƙungiyar yana riƙe da kulki yana son ya buge ta. Na uku yana tsugune bayan mai kulkin da safar fata a hannu, yana cafe duk wadda aka kuskure. Wanda ya kuskure sau uku ya fita. Bara'u ne mai jifa, ni ne mai cafewa.

A wani ƙauye kusa da Kura aka haife shi, cikin manoman shinkafa. Ya sha ba ni labarin yadda yake wuni a gonar mahaifinsa yana korar tsuntsaye da hoge, da hannun hagu, domin bahago ne. Kakarsa ta yi iya yinta ta raba shi da hagun nan, ta ci nasara a wajen cin abinci da rubutu, amma jifa ya gagare ta. Ya yi karatun injiniyan ruwa a Zariya, ya samu tallafin karatu, ya sauka Manchester a shekarar 2006. Gida ɗaya aka ba mu a Fallowfield, mu shida muna raba kicin ɗaya. Ya girme ni da shekara uku, don haka Yaya nake ce masa.

Wata Asabar da bazara ta shigo muka ratsa ta filin shaƙatawa za mu sayo nama. Wasu mutane suna wasa can nesa, sai ƙwallonsu ta gangaro gabanmu. Bara'u ya sunkuya, ledar cefane tana hannunsa na dama, ya mayar musu da ita. Ƙwallon nan ba ta yi sama ba, a miƙe ta tafi, ta faɗa safar wani mutum da ƙarar da na ji daga inda nake. Ba mu yi taku goma ba sai ga wani dattijon Bature da gajeren wando yana bin mu yana haki. Sunansa Alfred, direban bas ne da ya yi ritaya, shi ya kafa ƙungiyar. Ya ce wa Bara'u ya dawo ranar Lahadi.

Bara'u ya ce mini da Hausa, "Junaidu, tambaye shi ko biyan kuɗi ake yi. Idan ana biya ba ni zuwa."

Alfred ya yafe mana kuɗin shiga mu biyu. Sai da muka karɓi riguna muka ga sunan ƙungiyar: Levenshulme Owls. Mujiyoyi ke nan. Bara'u ya daɗe yana kallon hoton tsuntsun a ƙirjin rigar, ya ce idan na kuskura na faɗa wa mahaifiyarsa cewa yana yawo da mujiya a ƙirji, zaman gida ɗaya ya ƙare.

Shekarun nan na farko, ban san yadda zan kwatanta daɗinsu ba. Ƙungiyar ta tara kowane irin mutum: 'yan Venezuela biyu masu aikin gini, wani Bajapane mai karatun kiɗa, Turawa masu tumbi, da wani likitan haƙori ɗan Zangon Kataf, Kambai, wanda yake zagin alƙalin wasa da Hausa yana murmushi. Mu kan hau bas da jakunkuna mu bi Stockport Road, mu tsaya mu sayi samosa mai zafi, mu isa fili ciyawa tana jiƙe. Idan Azahar ta yi, Alfred da kansa yake zuwa ya gaya wa alƙali a dakata, mu shimfiɗa rigunan ruwa a bayan rumfa mu yi salla. Bara'u kuwa idan ya hau tudu sai ka ga wani mutum daban. A gida mai surutu ne, a kan tudu ko tari ba ya yi. Yana da wata jifa da take tahowa kamar za ta bugi ƙirjin mai kulki, sai ta karkace a ƙarshe ta faɗo cikin safata. Manyan ƙarti na gani suna tsalle baya saboda ƙwallon da ba ta ko kusa da su ba.

A shekarar 2012 ya samu aiki da wani kamfanin ruwa a Birmingham. Ya riga ya auri Saudatu, sun haifi Rumaisa, suka koma wani gida a Small Heath. Kowa ya ɗauka shi ke nan mun rasa shi. Alfred ya ce ba za a yi haka ba. Ya ce ƙungiya za ta riƙa biyan kuɗin jirgin ƙasa, ta kuma ba shi fam tamanin duk wasan da ya buga. Ba wanda ake biya a ƙungiyar sai shi, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, domin bayan shekara biyu hannun nan ya ciyo mana kofin yankin arewa. A wasan ƙarshe mutum goma sha huɗu ya fitar. Saudatu ta zo da tukunyar dambun shinkafa tun daga Birmingham, 'yan Venezuela suka cinye rabi kafin a gama ɗaukar hoto.

Ni ne na fara sanin hannun ya soma tafiya, domin a tafin hannuna nake jin nauyin kowace jifa. Wajen 2019 na lura ba na buƙatar soson da nake cusawa cikin safa. Ban gaya wa kowa ba. Bayan zaman kullen korona abin ya fito fili. Jifar da take karkacewa ta daina karkacewa, sai ta taho salun-alun, a buga ta ta haye shinge. Wata rana a Sheffield aka ci mu goma sha ɗaya kafin zagaye na huɗu. Na taka zuwa tudu na ce, "Yaya, ko za ka huta?" Ya ce iska ce take kaɗawa ta gefe. Ko ganye ba ya motsi a ranar.

Alfred ya rasu a farkon 2022. Kambai ya zama shugaba, a nan ne muka gano cewa tun shekara biyar da suka wuce ba ƙungiya take biyan Bara'u ba, daga fanshonsa dattijon yake cirewa. Muka yi ƙoƙari muka biya rabin kakar wasa, sai ga shi ba mu iya sayen sababbin ƙwallaye ba, hayar fili kuma ta ƙaru. Ga wani sabon ɗan wasa, Goodnews, ma'aikacin jinya ɗan Fatakwal, yana jifa da ƙarfi, yana zaune a benci yana kallon ana cin mu.

Muka zauna mu biyar a wani shagon shayi a Levenshulme. Wani ya ce a sallami Bara'u kawai. Wani ya ce a bar shi ya ƙarasa shekarar saboda kofin da ya kawo. Kambai ya ce, "Ni ba na son a kore shi. A tsayar da kuɗin, Goodnews ya riƙa farawa, shi kuma ya shigo zagayen ƙarshe idan muna gaba. Amma gaskiya ba za mu iya ci gaba da haka ba, council masu filin sun ƙara mana rent." Daga nan duk suka juyo suna kallona.

Na ce, "Me ya sa ni?"

Kambai ya ce, "Kai ne ƙaninsa. Daga bakinka zai fi sauƙi."

Ranar Asabar na hau jirgi zuwa Birmingham. Saudatu ce ta buɗe ƙofa, ta ce ya tafi masallaci, in shigo. Ta kawo mini kunun gyaɗa, ta zauna a hannun kujera tana kallona.

"Maganar wasan nan ce ta kawo ka, ko?"

Na ce ita ce.

"To Allah ya sa ya ji taka. Duk Litinin ni nake sa masa riga. Kabbarar salla ma da hannu ɗaya yake ɗagawa. GP, likitarmu, ta ce jijiyar kafaɗa ce ta yage, tun bara aka ba shi appointment na tiyata, sau biyu yana ɗagawa wai sai an gama season."

Da ya dawo ya yi murna da ganina, ya tsokane ni a kan furfura. Muka ci abinci. Na yi ta kewaye-kewaye, har ya ajiye cokali ya ce in faɗi abin da ke bakina. Na faɗa masa duka, har da maganar fanshon Alfred, wadda ban yi niyyar faɗa ba. Ya ture kwanon gefe.

"Wato sadaka nake karɓa shekara biyar ban sani ba."

"Ba haka ba ne, Yaya. Shi ya ga dama, yana ƙaunarka."

"Kai ka sani?"

"Wallahi sai bayan rasuwarsa."

"Amma ka san hannun ya mutu. Tun yaushe?"

Na ce tun 2019. Wannan ce ta fi ƙona masa rai. Ya ce shekara uku ina tsugune a gabansa ina ba shi alamar irin jifar da zai yi da yatsu, ina ce masa madalla, ashe tausayinsa nake ji. Ya ce ba ya son zagayen ƙarshe, ba ya son komai, a ba Goodnews tudun gaba ɗaya. Ya tashi ya hau bene. Rumaisa, wadda ta zama budurwa, ita ta raka ni bakin titi tana ce mini da Turancin Birmingham kada in damu, zai huce.

Bai huce da wuri ba. Wata biyar ba ya ɗaukar wayata. Na ji labari ya shiga wata ƙungiya a Birmingham kyauta, don ya nuna mana. Wasa biyu ya buga musu. A na biyun, a zagaye na uku, ya jefa ƙwallo ta faɗi ƙasa kafin ta kai mai kulki, hannun ya sauka bai sake ɗaguwa ba. Wani ɗan ƙungiyar ne ya tuƙa motarsa ya kai shi gida.

Mu ma ba mu ga abin da muka zata ba. Goodnews ya ci mana wasa huɗu, sannan aka ba shi aiki a Glasgow ya tafi. Muka ƙare shekarar a na biyun ƙarshe, da sababbin ƙwallaye cike da jaka.

An yi wa Bara'u tiyata a watan Nuwamba. Saudatu ta aiko mini da saƙo, na je asibiti ban san ko zai kalle ni ba. Na same shi a jingine, hannun a ɗaure a ƙirji, ya rame. Na yi masa sannu. Ya ce in jawo kujera. Mun fi minti goma muna maganar sanyi da tsadar gas. Can ya ce, "Matar Alfred tana nan da rai?" Na ce tana nan, a gidansu na Levenshulme. Ya ce idan ya warke in raka shi.

Muka je da bazara. Ya tafi da ambulan a aljihu, ya yi niyyar fara mayar da abin da ya karɓa. Tsohuwar ta ƙi ko taɓawa. Ta ce ta san da maganar tun ranar farko, ita take tuna wa mijinta ya ciro kuɗin ranar Juma'a. Ta ce Alfred bai taɓa zuwa kallon manyan wasanni a Amurka ba duk da burinsa, ya ce mata kallon Bara'u ya ishe shi. Bara'u ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi magudanar ruwan rufin gidan, ya ce ta toshe. Tun daga ranar, duk abin da ya lalace a gidan nan na famfo ko bututu, shi yake zuwa ya duba, ko ya turo wanda zai gyara.

Bai sake jifa ba. Likita ya ce zai iya ɗaga jikoki idan Allah ya kawo su, amma ban da ƙwallo. Yanzu shekararsa arba'in da shida, har yanzu yana kamfanin ruwan, Rumaisa tana shirin shiga jami'a. Sau uku ko huɗu a kakar wasa yakan zo Manchester da kujerarsa mai naɗewa da fulas ɗin shayi, ya zauna bayan raga yana kushe duk wanda ya hau tudu. Shi da Kambai sun shirya, ko da yake har gobe yana kiransa Mai Sallama.

Lahadin da ta wuce ruwa ya tsayar da wasa, muka fake a rumfa. Na zo zama a benci, gwiwoyina suka yi ƙara har wanda yake gefe ya waiwayo. Bara'u ya zuba mini shayi a murfin fulas, ya ce ya ƙirga, sau uku ƙwallo ta wuce ni yau saboda na kasa tashi da wuri.

Na ce ciyawa ce take da santsi.

Ya yi dariya har ya dafe kafaɗa. Ya ce idan kwamiti suka zauna a kaina, kada su wahalar da kowa, su ba shi aiken, zai zo har gida kuma sai Hajar matata ta yi masa waina. Ruwan bai tsaya ba sai wajen La'asar, alƙali ya ce a tashi. Na ɗaukar masa kujerar, muka taka zuwa tashar bas.